Makonni Biyar Ina Karanta Abin da Ba Na Gani

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da sallah. Kuna cewa Baba ya zauna gaban kwamfuta wata guda da mako ɗaya yana gyaɗa kai kamar alƙali, alhali ko harafi ɗaya ba ya gani, jikoki kuma su yi ta birgima don dariya. Ban hana ku dariya ba, ni ma idan na tuna nakan yi. Amma kuna yanke labarin ta tsakiya: kuna faɗin abin da na yi, ba ku faɗin abin da ya sa. Shi ya sa na ga gara in faɗe shi da kaina tun ina da sauran ƙarfi, kada jikokina su tashi da zaton kakansu wani tsohon maƙaryaci ne kawai. Ƙaryar dai na yi ta, wannan ba na musu. Dalilinta ne babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku.

Ga wanda bai sani ba cikin jikoki, ni malamin gona ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi a kan babur tsakanin Malumfashi, Ƙarfi, Kafur da ƙauyukan da ke bayansu, ina koya wa mutanen da suka fi ni iya noma yadda ake noma, su kuma suna haƙuri da ni. Bayan na ajiye aiki da 'yan shekaru sai ciwon suga ya gangaro idona. Likitan da muka gani a Zariya mutum ne mai faɗin gaskiya. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage a lallaɓa shi. Ina gane mutum idan ya shigo, ina bambance dawa da masara daga bakin gona, amma rubutu ya zama mini tururuwa a kan farin zane. Ni kuwa mutum ne da ko takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki sai na karanta ta kafin in yar. An ƙara mini girman rubutun waya har kalma ɗaya ta cika fuskarta, na ga wannan ba karatu ba ne, wahala ce, na ajiye.

Daga nan Hajiya, mahaifiyarku, ta zama idona. Shekara biyu cur, kullum bayan la'asar, za ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta saka tabarau, ta ɗauki wayata ta karanta mini saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka mata da alheri, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Amma zan faɗa muku gaskiya, abin yana ci mini rai. Mutumin da sai an karanta masa ba shi da lokacin kansa. Saƙo ya shigo da hantsi, ina jin ƙararsa a aljihuna, sai in zauna in jira a sauke tukunya, a yi salla, a sallami baƙi. Na zama mai saurin fushi a shekarun nan, kun sani, kun sha. Ba ku nake jin haushi ba. Karatuna nake nema na rasa, kuma na riga na sa a raina cewa haka zan ƙarasa.

Wata Asabar a farkon damina sai ga Sa'adatu, ɗiyata ta uku, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare a Funtua. Ta sauka daga mota da tsohuwar kwamfutar hannu a jaka, da ɗan filashi na adana bayanan kwamfuta a rataye a wuya kamar laya. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta jawo teburina ta buɗe.

"Baba, wata manhaja na kawo maka. Ita ce ke tuƙa kwamfutar gaba ɗayanta, in babu ita ƙarfe ne kawai."

"Ta wane kamfani ce?"

"Ba ta da kamfani. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa ya kawo abin da ya iya. A buɗe take, duk mai so ya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙulla ta, in ya ga kuskure ya gyara. Kuma kyauta ake bayarwa."

"Wa ke biyansu?"

"Yawancinsu ba mai biyansu, Baba."

"To gayya ke nan," na ce. "Gayyar da ba fura ba tuwo. Waɗanga mutane suna da hankali kuwa?"

Ta yi dariya, sannan ta yi mini bayanin da ya kamata in riƙe da hannu biyu, ban riƙe ba. Ta ce wannan da ta kawo ta gwaji ce, ba a gama ta ba. An sake ta ne don mutane su taɓa ko'ina su ga inda take ɗingishi su faɗa, a gyara kafin a fitar da ta gaske da kaka. Ita kanta tana cikin masu gwajin. Abin da ya sa ta tuna da ni shi ne a wannan karon an sake gina wani sashe da ke ƙara girman duk abin da ke kan allo don masu raunin ido, kuma masu gwada shi ba su da yawa. Ta ce saƙonnina za su ci gaba da zama a waya sai an gama gwaji, ta tuna mini cewa ni na koya musu ba a shuka sabon iri a duk gona. Tsofaffin rahotannina na aiki kawai ta zuba mini a ciki. Sai ta danna wasu maɓallai biyu.

Allon ya koma baƙi, rubutun ya koma fari, haruffan suka miƙe suka tsaya kowanne kamar babban yatsana. Na matso da fuska. Na karanta layin farko na wani rahoto da na rubuta a kan auduga tun kafin a haifi wadda ke tsaye kusa da ni. Na karanta na biyu. Ban san lokacin da na fara karantawa da ƙarfi ba, kamar ɗan aji ɗaya da aka tsayar gaban allo. Hajiya ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Rahoton nan babu abin daɗi a cikinsa, maganar tsutsa ce da feshi, amma wallahi ban taɓa karanta abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Na yi kuka a gaban ɗiyata, abin da ban taɓa yi ba, ita ma ta taya ni.

Kwana uku na yi ina shan karatu kamar mai buɗa baki. Rana ta huɗu hadari ya taso da yamma, iska ta kaɗa wayoyin unguwa, wuta ta yi abin da ta saba: ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke, ta dawo, duk cikin ƙiftawar ido. Kwamfutar ba ta mutu ba, don tana da batir. Amma haruffana suka tsuke suka koma tururuwa. Na danna maɓallan nan biyu da aka nuna mini, shiru. Na kashe na kunna, shiru. Gyaran yana can cikin wani lungu da sai mai ido zai kai gare shi, ni kuwa da ina da idon ai da ba a kawo mini abin ba.

Da daddare kafin isha'i Sa'adatu ta bugo waya.

"Baba, ya kwamfuta?"

"Lafiya lau," na ce. "Sai son barka."

To ga dalilin da ba ku taɓa tambaya ba. Ni an tashe ni a gidan da idan aka ba ka kyauta, ko tsumma ce, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya ka rufe bakinka. Mahaifina idan aka yi masa gayya aka tashi, ko ya ga inda aka tsallake ciyawa ba zai nuna ba, sai jama'a sun watse ya ɗauki fartanya ya gyara shi kaɗai. Mutanen nan ban san su ba, ba su san ni ba, sun hana kansu hutu sun yi aiki ba ko sisi don tsoho irina ya ga rubutu. Sai ni kuma, ranar huɗu, in aika musu cewa aikinku bai yi ba? Bakina ya ƙi. Ga kuma muryar yarinyar nan, da farin ciki ya cika ta har tana rawa. Na ce a raina bari dai, wataƙila abin ya gyaru da kansa.

Bai gyaru ba. Ni kuwa da na riga na ce lafiya lau, dole in yi zaman mai lafiya lau. Kullum da hantsi in buɗe kwamfuta, in gyara zama, in zuba wa tururuwa ido. Idan na ji tafiyar Hajiya sai in gyaɗa kai in ce "Hmm," kamar na ci karo da wata magana mai nauyi. Bayan mako biyu Sa'adatu ta zo, ta tarar da rubutun ƙanana, ta tambaya. Na ce ni na mayar da shi haka don in hutar da idona. Ku ji fa, mai raunin ido ya ƙanƙanta rubutu don ya huta! Amma ɗiya ba ta zaton ƙarya daga ubanta. Ta shiga lungun nan ta tayar da shi, na sha karatu na yini ɗaya da rabi, wuta ta sake wasanta, na koma gyaɗa kai. Lokacin jarrabawa ne a makarantarsu, ba ta sake samun zuwa ba, sai waya. Duk bugowa amsa ɗaya nake ba ta.

A ƙarshen mako na biyar ta iso da fara'arta, ta zauna a tabarma tana cin dambun da uwarta ta yi mata.

"Baba, na rubuta masu. Na ce mahaifina mai raunin ido ya yi mako biyar yana aiki da shi, ko sau ɗaya bai ba shi matsala ba. Sun ji daɗi ƙwarai. Sun ce shaidarka ta fi ta masu ido goma, don kai ne irin wanda aka yi abin dominsa. Har sun sa wa sashen alamar an gama."

"An gama kamar yaya?"

"Saura kwana goma a rufe ƙofar gyara. Daga nan yadda take haka za ta fita, kowa ya ɗauka."

Ba kaina kaɗai na tuna ba, ko da yake na san idan ƙofar nan ta rufe karatuna ya tafi ke nan, kullum sai ranar da aka yi sa'ar wuta. Wani mutum na tuna, Barau, Bamaguje, sarkin noman wata unguwa a bayan Kafur.

Ina saurayin ma'aikaci ofishinmu ya ba ni sabon irin masara in raba wa manoma su gwada a gefen gona. Na raba wa mutum goma sha biyu. Da kaka na bi su ɗaya-ɗaya da littafina. Kowa ya shimfiɗa mini buzu, ya kawo fura, ya ce, "Madalla, Malam, iri ya yi, mun gode." Barau kaɗai ne bai jira na je ba. Ya taka tun daga ƙauyensu da kwando a ka, ya shigo ofis ba sallama, ya juye mini masarar a kan tebur, a kan takarduna.

"Malamin gona, ga abinka," ya ce. "Rigarta ba ta kai mata ka. Dubi bakin a buɗe. Ruwa ya shiga, ƙwaro ya shiga. Wagga ba ta kai bazara cikin rumbu."

Na ji haushi. Na ce a raina wannan mutum bai san kara ba, an ba shi kyauta ya zo yana zubar mini da ita a tebur. Goma sha ɗaya sun ce ya yi, ɗaya ya ce bai yi ba, na rubuta cewa ya yi. Shekarar da ta biyo aka raba irin ko'ina. Kafin bazara rumbuna da yawa sun zama gari da ƙwaro, na ga magidanta suna auna hatsi a kasuwar Bakori a lokacin da ya kamata a ce suna ci daga nasu. Da na koma wurin goma sha ɗayan nan na ce don me ba ku faɗa mini ba, sai suka ce, "Haba Malam, ka kawo mana abu da hannunka, mu ce bai yi ba?" Na yi shekaru ina jin haushin wannan amsa. Ga shi yau na tsufa na ba da ita da bakina.

Ina cikin wannan tunani Hajiya ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Malam, ka faɗa mata ko in faɗa?"

"In faɗa mata me?"

"Shekara arba'in ina zaune da kai. In kana karatu leɓenka na motsi. Yau wata guda ke nan leɓen nan bai motsa ba, sai kai ke ta gyaɗuwa kamar na ƙadangare."

Ashe tun makon farko ta gane. Ta zuba mini ido ne kawai ta ga iya inda zan kai.

Na faɗa wa Sa'adatu komai, ban rage ba. Ta ajiye cokali. Ba ta ɗaga murya ba, ba tarbiyyarta ba ce, amma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Baba, da sunana na rubuta," ta ce. "Sau uku ina tambayarka kafin in aika."

Idonta ya kawo ruwa. Dambun nan ba ta ƙarasa shi ba. Ta zauna a gabana ta rubuta wa mutanen cewa shaidar da ta bayar ba daidai ba ce, a janye ta. Ban ga abin da ta rubuta ba, amma na ji yadda yatsunta ke tsayawa suna ci gaba. Wannan shi ne abin da karata ta jawo, kuma ba ni na biya ba, ɗiyata ce ta biya a gaban mutanen da take jin nauyinsu. Na ba ta haƙuri a ranar. Ina sake ba ta a nan, a rubuce, don 'ya'yanta su gani.

Washegari amsa ta zo daga wanda ya gina sashen, wani bawan Allah a wata ƙasa mai sanyi da ban iya faɗin sunan garinsu ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ya cire wayar wutar kwamfutarsa ya mayar, ya cire ya mayar, rubutu bai motsa ba. Abin da bai gani ba kuwa ba zai iya gyarawa ba. In muna so ya yi wani abu kafin ƙofa ta rufe, sai mun gaya masa takamaimai yadda ake tayar da cutar.

Nan fa malamin gonar da ke barci a cikina ya farka. Gwaji ai sana'ata ce. Na ce Sa'adatu ta nemi izinin kwana biyu a makaranta, ta samo littafi ta ja layi uku: sau nawa aka ɗauke, tazarar da ke tsakani, abin da ya faru. Na ce ba za mu zauna jiran masu wuta ba, mu za mu zama masu wutar. Aka ba Hajiya kujera 'yar tsugune a gindin soket, filogi a hannunta. Ni ina gaban allo ina ba da umarni, Sa'adatu tana rubutu, idan rubutu ya tsuke ta tayar da shi mu sake.

"Ɗauke!" in ce. Hajiya ta zare.

"Kawo!" Ta mayar.

Sau ɗaya, lafiya. Sau biyu, lafiya. Sau uku a hankali, lafiya. Muka yi ta yi tun hantsi har rana ta take, Hajiya tana mita cewa tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa ba ta aikin banza irin wannan ba. Muna tsakiyar haka maƙwabciyarmu Maman Hanne ta yi sallama ta shigo aron turmi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jin "Ɗauke! Kawo! Ɗauke! Kawo!" tana kallon Hajiya da filogi a hannu. Ta riƙe haɓa.

"La'ilaha illallahu! Ashe a gidan nan ne ake ɗauke mana wuta!"

Dariyar da muka yi ita ta wanke abin da ya rage tsakanina da Sa'adatu. Hajiya kuwa dariya ta sa hannunta ya ɓace mata, ta zare ta mayar, ta zare ta mayar, ta zare ta mayar da sauri ba tare da na ce komai ba. Haruffa suka tsuke nan take. Na buga tebur na ce a tsaya, kowa ya tsaya inda yake. Muka sake yi da gangan: sau uku kafin a ƙirga biyar. Suka tsuke. Muka sake, suka tsuke. Sau bakwai muna yi, sau bakwai suna tsukewa. Ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba sai ranar.

Sa'adatu ta ɗauki hoton bidiyo, hannun uwarta a soket da allon a gefe, ta haɗa da abin da ke littafin. Na ce ba za a aika haka tsura ba, sai an sa gaisuwa. Ta ce su ba su yin haka, Baba, gajeruwar magana suke so. Na ce su ne ba su yi, ni ina yi. Na sa ta rubuta cewa ina gaishe shi da iyalinsa, ina tambayar yadda damina take a wajensu, ina godiya da aikin da ya yi mini ba tare da ya san ni ba, sannan kuma, da dukkan girmamawa, aikin nasa yana da rami, ga inda yake. Da ta karanta mini na ji kamar na sauke buhu daga kaina. Ashe ana iya godiya a kuma faɗi aibi a numfashi ɗaya, ni ne na kai shekara saba'in ban gwada ba.

Amsarsa ta zo da safe, Sa'adatu ta fassara mana muna karin kumallo. Ya ce ya gani da idonsa. Ya zauna a ƙasa gindin soket yana zarewa yana mayarwa har matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce a garinsu bai tuna ranar da wuta ta yi irin wannan wasa ba, don haka ko shekara zai yi yana gwaji ba zai taɓa cin karo da ramin ba, kuma da abin ya fita haka, da duk mai ido irin nawa da wuta irin tamu ya faɗa ciki. Ya amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya, har da ta damina, ya ce su ruwa ba ya yanke musu. A ƙarshe ya ce a gaishe masa da baiwar Allah mai riƙe da filogi. Hajiya ta gyara ɗaurin kallabi ta ce tana amsawa.

Saura kwana uku ƙofa ta rufe aka saki sabuwar ta gwaji da gyaran a ciki. Sa'adatu ta taho da ita daga Funtua a motar farko. Aka ɗora, Hajiya ta koma kujerarta ba tare da an roƙe ta ba. Ta zare ta mayar har ta yi gumi, da sauri, a hankali, da mugunta ma, haruffa suna tsaye ƙyam. Amma ni ban yarda ba tukuna, don gwajin gefen gona daban, gona daban. Allah da ikonsa da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, fitilar ɗaki ta yi ta ƙifce-ƙifce kamar za ta fashe. Ina zaune ina karanta rahoton auduga, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida cikin ruwan sama, da tsufanta, har maƙwabta suka aiko a ji ko haihuwa aka yi.

Kafin Sa'adatu ta koma ta haɗa saƙonnin wayata da kwamfutar, na shekara biyun nan gaba ɗaya. Washegari da hantsi, ba jiran tukunya ba jiran kowa, na zauna na buɗe. Na fara da na Abba, yayanku, da ke aiki a Fatakwal. Ku sauran kun fi bugo waya, shi kuwa tun yana yaro maganarsa tsada gare ta, rubutu yake turowa. Shekara biyu ina yi wa abokaina gori a majalisa cewa nisa ya buɗe wa yaron nan baki, ya iya wasiƙa, idan ya rubuto sai ka ji zuciyarka ta yi sanyi. Na ce yau zan sha wasiƙun nan da idona.

Na farko: "Baba ina kwana. Ya jiki."

Na biyu: "Baba ya gona."

Na yi ƙasa, na yi ƙasa, na bi shekara biyu har ƙarshenta. Mafi tsawo a ciki layi biyu ne. Na ƙwala wa Hajiya kira, ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Hajiya, ina sauran wasiƙun yaron nan?"

"Waɗanne?"

"Inda yake cewa yana tuna ranar da na koya mashi huɗa. Inda yake cewa duk abin da ya zama, tarbiyyata ce. Inda yake cewa in ya ga masara a kasuwa sai ya ji kewar gida."

Ko gezau ba ta yi ba.

"Yo ai yana tunawa," ta ce. "Rubutawar ce bai iya ba. Ni na haife shi, na san abin da ke cikinshi."

Na yi dariya har na sarƙe, na yi ta yi har hawaye suka zubo, kuma ba zan rantse muku cewa duka na dariya ba ne. Muna cikin haka kwamfutar ta yi ƙara, sabon saƙo ya shigo, daga shi. Na matso na karanta da kaina: "Baba an ce kana karatu. Alhamdulillah." Na karanta shi sau uku. Sannan na laluba aljihu na ciro wayar na miƙa mata.

"Karanta mani."

"Ba yanzu ka karanta ba?"

"Na karanta nashi. Naki nake so."

Ta harare ni ta saman tabarau. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta gyara murya, ta ɗaga wayar daidai fuskarta.

"Zuwa ga mahaifina abin alfaharina," ta fara.